Jar Motar da Ta Ci Shanu Takwas

Shanu tara jikana ya gada daga ubansa, ɗana na fari, Allah ya jiƙansa da rahama. Shida maza, uku mata. Duk suna hannun wani Bafulatani a gefen Lajawa, wanda ubansa ya yi wa mijina kiwo tun ina da ƙarfin surfe. Cikin matan akwai wata fara mai gajeren ƙaho. Wannan farar jinin karsanar da mahaifina ya ba ni ce ranar da aka kawo ni gidan miji a Wudil. Karsanar ta haihu, 'yarta ta haihu, 'yar 'yarta ta haihu, na ɗauki ɗaya na ba ɗana, ɗana ya rasu, ta faɗa a rabon ɗansa. Ba tawa ba ce yanzu, ban kuma taɓa cewa tawa ce ba. Abin da na sani shi ne, ranar da aka kai ta kasuwa, jinin nan ya yanke ke nan daga gidanmu.

Jikan nawa ya yi boko har ya ƙoshi, ya sami aiki a jami'ar garin nan, yana zama gaban kwamfuta daga safe zuwa la'asar. Ya yi aure, yana zaune da matarsa a sashen da ubansa ya bari, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Yaro ne mai gaisuwa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Bai taɓa wuce ƙofata bai leƙo ya ce, "Amaryata, an tashi lafiya?" ba. Ni kuma in ce, "Angon da ba cefane, lafiya ƙalau." Haka muke tun yana tatata. Ban san akwai wata cuta kwance a ransa ba sai ranar da ta iso ƙofar gida da ƙafafunta huɗu.

Ƙararta muka fara ji. Ina tsakar gida ina tsince wake bayan la'asar, sai na ji wani gurnani kamar injin niƙa ya haɗiyi ƙusa. Kaji suka watse. Akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Sai ga shi ya shigo yana washe baki, ya kama hannuna ya ce, "Taso ki ga abin da angonki ya kawo."

Na fita na gani. Ja ce jawur, kamar an tsoma ta a manja. Kwance take da ƙasa kamar ƙadangare, tsakanin cikinta da ƙasa bai kai faɗin tafin hannuna ba. Ƙofa biyu. Na zagaya ta ina neman sauran ƙofofin ban gani ba. Tayoyinta faffaɗa, amma robar siririya kamar gindin silifas da ya sha yawo. A bayanta an kafa wani allo kamar wurin shanya tawul. Bututun hayaƙi har huɗu, sai ka ce gidan burodi.

Na ce, "Ta mutum nawa ce?"

Ya ce, "Biyu, Hajiya. Akwai kujera a baya, amma ta ajiye jaka ce."

"Buhu nawa take ɗauka?"

"Ba ta ɗaukar buhu. Gudu take yi."

Na ce, "Wa ya biyo ka?"

Ya yi ta dariya har da dukan cinya. Ya ce tokumbo ce, wani Bature ya hau ta shekaru ya gaji, aka sako ta a jirgin ruwa, amma kamar sabuwa take. Ya ce daga nan zuwa Kano kafin in gama cin goro ɗaya mun isa. Na ce ni da haƙoran da suka rage mini, goro ɗaya yini yake kai ni.

Ban tambaye shi inda ya sami kuɗin ba. Ranar Juma'a, ranar kasuwar garin nan, Bafulatanin ya biyo ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ɗora sanda a cinya, muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi shanu. Sai ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce, "Inna, bijimai biyar sun tafi. Rana ɗaya." Na ce, "To." Shi ma ya ce, "To." Na ba shi ruwa ya sha.

Sau ɗaya tak na shiga motar nan. Wata 'yar'uwata ta rasu a Lajawa, ya ce shi zai kai ni gaisuwar uku. Sai da na durƙusa kamar mai shiga akurki, kujerar ta rungume ni ta ƙi saki, gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Muka hau titi. Kun san tudun nan da ake yi a kan kwalta don masu mota su rage gudu. To, duk wanda muka zo, sai ya tsaya cak, ya karkace motar, ya hau da taya ɗaya, ya jira, ya hau da ɗayar, yana cije leɓe, cikinta yana kartar ƙasa. Tirela tana bayanmu tana hon. 'Yan acaɓa suna ihu, "Alhaji, a ɗauko ta a ka mana!" Da idona na ga mai kurar ruwa ya wuce mu, jarka goma a gabansa, ya juyo ya ce mana sannu.

Da muka fita gari ya taka ta. Kaina ya manne da kujera, bishiyoyi suka zama tsumma, na karanta duk abin da na sani. Yana ta murna yana cewa, "Kin ji ta? Kin ji ta?" Na ji ta. Minti nawa ne ma? Sai ga mu a mararrabar da ake sauka daga kwalta, inda damina ta bar kwari biyu da tudu a tsakiya. Ba mu yi nisan jifa ba na ji ƙwas a ƙarƙashin ƙafata. Wata jar fitila ta kama a gabansa. Ya kashe, ya fita, ya kwanta rubda ciki a ƙasa da farar shaddarsa. Ni ma na yi ta fama na fito. Baƙin mai ne yake bin yashi, kamar inda aka yanka rago.

Wani mai babur da ya ɗauko tunkiya shi ya ƙarasa da ni. Tunkiyar tana tsakiya, ina baya ina riƙe da bindinta. Mun isa lafiya, ba abin da ya zube.

Kaskon da mai yake zama a ciki ne ya fashe. Mai waldan unguwarmu ya duba ya ce wannan ba ƙarfe ba ne irin wanda ya sani, in ya kusantar da wuta narkewa zai yi. Aka aika Legas, aka jira mako uku. Ashe ranar taya ɗaya ma ta yi ƙari, ƙarfenta ya lanƙwashe. Duk masu facin da ke bakin titin Wudil, tun daga gada har ƙarshen gari, ba wanda ya taɓa ganin irinta, kuma wai ba a sayen ɗaya sai biyu. Man ma ba ta shan wanda ake aunawa a kwalba. Nata daban ne, galan ɗaya kuɗin buhun masara, kuma ba ta ƙoshi da galan ɗaya. Juma'a ta zo, bijimi na shida ya hau tirela zuwa Kudu. Maza suka ƙare. Saura mata uku.

Motar ta yi wata biyu tana tafiya. Wata biyun nan ban huta ba, don kowace safiya sai ya kunna ta ta yi gurnani a ƙofar gida na tsawon dafa shayi, wai tana ɗumama jiki, a garin da ƙwai yake dahuwa a kan dutse. Sai bazara ta shigo. Wata rana da azahar aka turo ta gida, maza huɗu suna gumi, hayaƙi fari yana fita daga gabanta kamar tukunyar dambu.

Wannan karon na yafa mayafi na je da kaina wurin bakaniken da yake duba masa ita. Yana ƙarƙashin wata bishiya kusa da gada. Dattijo ne, shekara da shekaru yana gyaran motocin haya, kowa yana yabonsa. Na same shi ya buɗe cikinta, ya jera kayan hanjinta a kan buhu.

Na ce, "Malam, ni ban san mota ba. Gaya mini da Hausar da zan gane."

Ya goge hannu ya ce, "Hajiya, zafi ta ɗauka. Akwai wani ɗan ƙarfe da yake tare ruwa a cikin inji, an yi shi ne don ƙasar ƙanƙara. Duk tokumbon da ta zo hannuna cire shi nake yi, in zuba ruwan rijiya, ta yi shekara goma ba ta yi tari ba. Na cire mata tun farkon zuwanta. Ita wannan sai ta ƙi."

Na ce, "Wato ka cire mata abin da ba ka san aikinsa ba."

Ya ce, "Na san aikinsa a mota. Wannan ba mota ba ce, sarauniya ce. Ruwanta mai launi ne, na sayarwa. Fetur ɗin galan na bakin hanya da ya zuba mata lokacin da ake layi, shi ma ya toshe mata maƙogwaro. Dubi nan." Ya tsoma yatsa a wani wuri ya fito da shi. Abin kamar koko da madara. "Mai da ruwa sun haɗu. Gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe. Wannan kuma mai kama da dodon koɗi, tobo ake ce masa, shi yake hura mata iska take wannan gudun. Tun daga can ya zo da ciwonsa, ya daɗe yana shan mai a ɓoye."

"Nawa?"

Ya faɗa. Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Kuɗin da ya ambata, da shi aka yi wa ɗakina rufin kwano aka yi wa zaure siminti, har canji ya rage.

Ya rage murya ya ce, "Hajiya, ni kuɗi zan samu, amma ki gaya masa ya rabu da ita. Baturen da ya sayar da ita ba wawa ba ne. Ya shanye romon, ya aiko mana da ƙashi."

Na gaya masa. Ya ce bakaniken ne bai iya ba, zai kai ta birni wurin waɗanda suka san darajarta. Aka kira janwe, mai jan matattun motoci, ya ɗauke ta kamar gawa. Juma'a ta zo, tsohuwar baƙar saniya ta tafi. Saura biyu.

Motar ta dawo, ta yi sati shida, sai fetur ya gagare shi. Ashe abin da take sha zuwa Kano da dawowa, motar haya sai ta yi sawu uku da shi. Albashi bai kai ba. Ya shigar da ita kangon da ke jikin ɗakin ajiyata, ya sayo tamfal mai tsada ya lulluɓe ta, yana leƙa ta safe da yamma kamar mai jinya. A ɗakin nan nake ajiye gyaɗata tun kafin a haifi uwarsa. Inda gyaɗa take, ɓera yana nan, wannan ko yaron goye ya sani. Ɓerayen suka sami ɗaki mai ɗumi mai kujerar fata, suka tare. Ranar da albashi ya shigo ya zuba mai ya murɗa makulli, fitilun gabansa suka kama gaba ɗaya, ja da ruwan ɗorawa, kamar gidan biki. Motar ko tari ba ta yi ba.

Aka kira wani saurayi daga Kano, mai turare, da 'yar jaka a hannu. Bai taɓa sifana ba, bai ɓata yatsa ba. Ya fito da wani abu kamar waya ya soka a ƙarƙashin sitiyari, ya kalla, ya girgiza kai. Kallon nan kaɗai sai da aka biya shi kuɗin tunkiya. Ya ce ɓera ya cinye wayoyi, biyu sun haɗu, ƙwaƙwalwar motar ta ƙone.

Na ce, "Mota tana da ƙwaƙwalwa?"

Ya ce, "Sosai ma, Hajiya."

Na ce, "Ikon Allah. Ita tana da ita, mai ita babu."

Saurayin ya ƙunshe dariya. Jikana bai yi dariya ba. Ya ce gyaɗata ce ta jawo. Na ce gyaɗata ta riga motarsa zuwa gidan nan, kuma ba a taɓa sayar da saniya don a gyara gyaɗa ba. Juma'a ta zo, ja mai tabo a goshi ta tafi. Saura farar.

Ranar na kira shi ɗakina. Ban ce masa ango ba, shi ma ya gane, ya zauna a ƙasa. Na ce, "Takwas sun tafi. Kakanka ya yi shekara talatin yana tara su, ubanka ya hana kansa sabuwar riga don kada a taɓa su. Me ka riƙe a hannunka yanzu?"

Ya daɗe yana kallon tabarma. Ya ce, "Hajiya, ba za ki gane ba. In na hau kwalta na taka ta, duk abin da ke damuna a baya yake zama. Kuma na riga na zuba da yawa. In na tsaya yanzu, na bayan duk sun tafi a banza. Yanzu komai nata sabo ne. Ba abin da ya rage da zai lalace."

Na ce, "Ka ƙirga kayan cikinta duka?"



Duk wannan abin da ake yi, matarsa tana da ciki, cikin fari. Yarinya mai haƙuri, ba ta taɓa ɗaga murya a kan motar ba, sai dai in an kunna ta ta toshe hanci ta shige ɗaki. Ranar wata Alhamis da hantsi naƙuda ta kama ta. Ya fito da gudu, ya yaye tamfal, ya kunna. Ta kama, ta yi gurnanin nan nata har kwanukan rufi suna amsawa. Muka fito da yarinyar, ni da maƙwabciya, muna tunanin yadda za a naɗe mai naƙuda a shigar da ita akurki. Ya saka giya. Motar ta yi ihu, ba ta motsa ba. Ya cire ya sake sakawa. Ta ƙara ihu, tana nan inda take. Yarinyar ta dafa bango ta ce, "Don Allah a kira mai adaidaita." Ita ce maganar da na taɓa ji ta yi a kan motar, ita ke nan.

Mai adaidaita ya kai mu asibiti. Kafin la'asar ta sauka lafiya, mace.

Ranar Litinin saurayin mai turare ya dawo ya soka abinsa. Ya ce akwatin giya ne ya mutu, kuma irin nata ba a buɗe shi a gyara, sai dai a ɗauko wani dungurungum daga wata motar da ta yi hatsari. Ranar Talata Bafulatanin ya zo, ba ranar kasuwa ba, na san ba lafiya ba. Ya ce dillali ya je ya shafa farar, ya buɗe bakinta, an ce ya kawo ta ranar Juma'a da sassafe. Ya ce, "Inna, ciki gare ta. Wata biyar." Na ga idon mutumin nan ya kawo ruwa, mutumin da na san ya binne 'ya'ya biyu bai yi kuka a gaban mutane ba.

Suna ranar Alhamis, kasuwa ranar Juma'a. Ragon sunan ma baffan jikan nawa ne ya saya, ɗana na biyu, don aljihun uban jaririya ba komai sai makullin mota. Na yi wa baffan magana, ya ce, "Inna, dukiyarsa ce, ya kai shekarun da ba a riƙe masa hannu." Gaskiya ya faɗa. Na kwana biyu ina juya abin.

A gidanmu uba ba ya zama wurin raɗin sunan ɗan fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban manya, ba ya kiran sunansa, in an yi maganarsa sai ya kau da kai kamar bai ji ba. 'Yan boko da yawa sun zubar da wannan, amma shi ya tashi a hannuna, kunyar tana jikinsa. Ana idar da sallar asuba ya sulale ya tafi gidan abokinsa.

Maza suka taru a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka raba goro da dabino. Na aika a kira mini sanƙira, mai shelar suna, ya same ni a zaure. Na damƙa masa abin da ke bakin zanena. Na ce, "In ka faɗi suna, ka ƙara da cewa uban yarinya ya ba ta farar saniyarsa da ke Lajawa, da abin da ke cikinta."

Ya ce, "Shi ya ce?"

Na ce, "Ni kakarsa ce."

Ya kalli hannunsa, ya kalle ni, ya fita. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi suna, mata suka rangaɗa guɗa daga ciki. Sai ya ƙara da abin da na ce, har sau uku, har da nasa ƙarin gishiri, wai ɗa ya gaji ubansa, wai kyauta sai ɗan asali. Na ji maza suna cewa madalla, madalla. Wani tsoho abokin mijina ya ce, "Ashe yaron nan yana da hankali."

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Duk inda ya bi sai a tare shi. A masallaci wani ya riƙe hannunsa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, abin da ubanka zai yi ke nan." Abokan aikinsa da suka zo cin naman suna suka dinga zolayarsa, wai 'yar kwana bakwai ta fi su dukiya. Shi kuwa ba bakin magana. Zancen 'yar fari ne. Ba zai ce eh ba, ba zai ce a'a ba, sai sunkuyar da kai, mutane kuma suna cewa dubi kunya.

Na ɗauka zan ji daɗi. Tuwon sunan ma kasa cinsa na yi. Da liman ya shigo yi wa mata barka bayan la'asar, na ja shi gefe na gaya masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya ja carbinsa. Ya ce, "Hajiya, niyyarki mai kyau ce, amma kyauta ba ta zama kyauta sai ta fito daga bakin mai abu. Kin sa masa magana a baki, kin sa mutum ya yi shelar abin da ba a yi ba. Saniyar tasa ce har yanzu. Ki gaya masa haka, ki kuma nemi gafarar Ubangiji." Na ce na ji. Ban ji daɗin jin ba, amma na ji.

Ranar Juma'a da sassafe Bafulatanin ya iso da farar, don ba wanda ya aika masa da wata magana sabuwa. Ya ɗaure ta a jikin bishiyar ƙofar gida. Dillali ma ya zo, da hularsa a karkace, yana tsaye yana duba agogo. Ta cikin zaure ina hango saniyar, ta rame kaɗan saboda tafiya, cikin ya fito ta gefen dama, tana kaɗa kunne.

Jikana ya shigo ɗakina ba sallamar wasa. Ya gaishe ni gaisuwar baƙo. Ya zauna.

Ya ce, "Hajiya, kin ɗaure ni a gaban mutane."

Na ce, "Na ɗaure ka. Yanzu zan kwance ka. Liman ya ce abin da na yi ba daidai ba ne, kuma na yarda. Ba ka ba kowa komai ba. Saniyarka ce. Ga dillali can yana jira. In ka sayar, ni zan fita da bakina in gaya wa unguwa cewa ƙarya na sa aka yi, kai ba ka san zancen ba. Ba wanda zai zarge ka. Ni za a yi wa dariya, na kuwa tsufa da jin kunyar dariya."

Ya ce, "Akwatin giyar nan shi ne na ƙarshe."

Na ce, "Ban tambaye ka ba."

Muka zauna. Daga sashensu jaririyar ta fara kuka, irin kukan nan siriri na sabon haihuwa, uwar tana lallashi. Bai juya ba, ba zai juya a gabana ba, amma na ga kunnensa yana can. Dillali ya yi gyaran murya a waje ya ce, "Alhaji, rana tana yi, masu tirela ba sa jira."

Ya tashi ya fita. Na bi shi har zaure na tsaya a bayan ƙyaure. Ya daɗe yana kallon saniyar. Ya sa hannu a aljihu ya ba dillali kuɗin mota ya ce ya yi haƙuri. Dillali ya tafi yana ƙunƙuni. Sannan ya ce wa Bafulatanin, "Baffa, mayar da ita."

Bafulatanin ya fara kwance igiya, sai ya tsaya. Ya ce, "In riƙe ta a matsayin ta wa? Ina so in ji daga bakinka."

Jikana ya kalli ƙasa. Ya kalli zaure, ya san ina nan. Ya sosa ƙeya kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Ya ce, "Ta wadda aka ce."

"Da abin da ke cikinta?"

"Da shi."

Bafulatanin ya ce ya shaida, ni ma na ce daga bayan ƙyaure na shaida. Ya ja igiya suka kama hanyar Lajawa tun rana ba ta yi zafi ba. Jikana bai dawo ciki ba. Ya karkaɗe rigarsa, ya taka zuwa bakin titi, ya tsaya cikin masu jira yana ɗaga wa mai adaidaita hannu.